Lagireton Marigayi

Garba makanike ya ɗaga lagireton ya saita shi da rana, sai ga haske yana ɓullowa ta ko'ina kamar rariya.

"Alhaji, wannan kam ya gama aikinsa. Mai walda ya ce ko a ƙafa aka ɗaura masa shi, ba zai ƙara sa masa wuta ba."

Alhaji Ƙasimu ya share gumi ya dubi motarsa. 'Yar ƙaramar MG ce ja, mai kujera biyu, marar rufi, wadda ya saya a hannun wani Bature tun duniya na kwance. Ta daɗe a garejinsa na Tarauni tana shan ƙura, sai bana ta yi farin jini. Soja za su koma bariki ƙarshen watan Mayu, zaɓaɓɓen ɗan majalisar yankin kuma ya ƙyalla ido ya gan ta, ya ce a cikinta yake son zaga gari ranar rantsuwa. Ƙasimu, da ya yi ritaya yana neman inda zai raɓa, ya bugi ƙirji ya ce an gama.

Ashe ba a gama ba. Sun karaɗe Ƙofar Ruwa, sun leƙa Sabon Gari, har Fanteka ta Kaduna aka aika. Lagireton Fijo ya yi tsawo, bonet ya ƙi rufuwa. Na Datsun ya shiga, amma bakin tiyonsa yana kallon wani gefen. Wani ja'irin dillali ma ya rantse zai kawo na Bitil, motar da tun da aka ƙera ta ba ta taɓa shan ruwa ba.

"Saura wuri ɗaya," in ji Garba, yana goge hannu da tsumma. "Motar marigayi Malam Ezekiel tana nan a Gyaɗi-Gyaɗi. Ai tagwaye ne."

Ƙasimu ya sani sarai, ya ma riga Garba tunawa, ture tunanin kawai yake yi. Tare suka sayi motocin shi da Ezekiel, mutumin Kagoro, lokacin suna koyarwa a makaranta ɗaya, suna cin tuwo a kwano ɗaya. Ranar makoki shi ya miƙe a gaban jama'a ya ce wa matar marigayin, Deborah, muddin yana numfashi ba za su wulaƙanta ba. Shekaru sun shuɗe, yana numfashinsa lafiya ƙalau, ƙafarsa ba ta sake taka gidan ba. Da farko hidima ce ta hana shi, daga baya kunyar daɗewar ce ta hana.

* * *

A hanya ya sayi burodi da lemo. Da suka iso ƙofar gidan ya ce wa Garba, "Ka jira ni a mota. Kada ka shigo sai na kira ka."

Gidan haya ne mai ɗakuna a jere. Ya tarar da Deborah a durƙushe tana ƙulla zoɓo a leda. Ta rame, furfura ta leƙo ta ƙasan ɗankwali. Ta ɗago kai, ludayin ya suɓuce mata.

"Yesu! Alhaji Ƙasimu!" Ta miƙe tana tafa hannu. "Ladi! Maman Sadiq! Ku fito ku gani. Ban ce muku zai zo ba? Kuka ce abokan miji da gawa ake binne su. To ga nawa!"

Maƙwabta suka fito suna yi masa maraba. Aka aro kujera a ɗakin Ladi, don nata babu. Da dariya ta ba shi labarin yadda dangin miji suka zo da babbar mota bayan makoki, suka kwashe kujeru da firji har da keken ɗinkinta. 'Yarta Faith ta bar makaranta, tana tsaron shagon wani a Titin Gidan Zoo. Ba ta faɗi ko ɗaya da sigar ƙorafi ba, abin da ya fi ƙona shi ke nan.

"A kira maƙwabcinmu Malam Shehu ya yanka min kazar nan, don Alhaji ya ci."

"Haba Deborah, wallahi a ƙoshe nake."

"Ka ƙoshi a gidanka, ba a gidan abokinka ba."

Kazar da ke yi mata ƙwai ce, ya ji Ladi tana raɗa mata, Deborah ta ture ta da gwiwar hannu. Nan Ƙasimu ya yanke shawara a ransa: ko da wasa ba zai ambaci lagireto ba. Ɗan majalisa ya hau jaki in ya ga dama. Zai ci kaza, ya tambayi maganar karatun Faith, ya tafi a matsayin wanda ya zo zumunci. Har ya ji ƙirjinsa ya yi sauƙi, har ya fara yarda cewa dama abin da ya kawo shi ke nan.

Sai aka ji ƙarar ƙarfe daga gindin dalbejiya. Garba ne zafi ya koro shi neman ruwan sha, idonsa ya faɗa kan motar da dangin miji suka bari saboda ta ƙi tashi. Ya yaye tamfol, ya ɗaga bonet.

"Alhaji!" ya ƙwala da murna, yana ɗaga sifana. "Wallahi shi ne! Ko tsatsa ba ta taɓa shi ba. Yanzun nan zan sauke maka shi!"

Ladi ta tsaya da fige kaza. Deborah ta dubi sifanar, ta dubi ledar burodin, sannan ta dubi Ƙasimu. Shi kuwa da ƙasa za ta tsage, da ya shige ya ja ta ya rufe.

Ita ce ta fara magana, har da 'yar dariya.

"Af, na manta ban gaya muku ba. Ni na aika masa ya zo ya cire, kada abin ya lalace a banza."

Babu wanda ya yarda, amma kowa ya gyaɗa kai. Haka ya zauna ya ci naman nan, yana jin Garba yana kwance noti yana fito.

Da ta rako shi bakin ƙofa ta ce, "Alhaji, abu ɗaya nake roƙo."

"Faɗi, ko mene ne." Ya yi fata ta roƙi babban abu, mai nauyi, wanda zai ɗauka ya ji ya zama mutum.

"In motarka ta tashi, ka biyo da ita ta layin nan. Ba sai ka tsaya ba. Kukanta iri ɗaya ne da na motar marigayi, na daɗe ban ji ba."

* * *

Ranar rantsuwa bugu ɗaya motar ta tashi. Ɗan majalisa ya ɗare bayan kujera yana ɗaga hannu, 'yan acaɓa sun kewaye su, makaɗa suna bin su a bayan a-kori-kura. Da suka kusa kwanar layin, Ƙasimu ya rage gudu ya sa sigina.

"Ina za ka kai mu, Alhaji?" in ji ɗan majalisa. "Wannan lungun ko kwalta babu. Miƙe kawai."

Ya kashe siginar ya miƙe.

Ya ga Deborah a bakin layin, ta ɗaura zanen da take zuwa coci da shi, kular zoɓo a gabanta. Ba motar take kallo ba. Ta karkata kai, ta kare kunne da tafin hannu, tana laluben kukan injin a cikin hon da ganguna. Ƙasimu ya sunkuyar da kai kan sitiyari. Allurar zafin injin tana kwance a tsakiya, ko motsi ba ta yi.