Waƙar Yaya a Banɗaki

Tun ranar da aka ɗauki Auta aikin bincike, gidansu bai sake shan iska ba. Gwamnati ce ta ware kuɗi don a gano abin da mata masu naƙasa suke buƙata, aka damƙa aikin a hannun wata Dakta ta jami'a, ita kuma ta ɗauki mata goma sha biyu masu shiga gida-gida da takardar tambayoyi arba'in da 'yar na'urar ɗaukar murya. Auta tana cikinsu. Aka rataya mata kati a wuya, wanda ko wanke-wanke za ta yi sai Mama ta tuna mata ta cire.

Doka ɗaya Dakta ta kafa musu, kuma kullum sai ta maimaita: "Mai abin ita za ta yi magana da bakinta. Ba uwarta ba, ba mijinta ba, ba ke ba."

A nan fa Auta ta yi fice. Da zarar wata uwa ta buɗe baki ta ce, "Ai ita abin da take so shi ne…", sai Auta ta ɗaga hannu cikin ladabi ta ce, "Mama, a yi haƙuri, a bari ta faɗa." Ta taɓa sa wani magidanci ya fita ya zauna a mota har aka gama hira da matarsa makauniya. Idan ta dawo gida kuwa, sai ta tisa su Mama a gaba da labarin yadda mutane suke cinye bakin 'yan'uwansu ba tare da sun sani ba.

Yaya, babbar yayar Auta, takan saurara tana murza keken ɗinkinta na hannu. Shan inna ya riƙe mata ƙafafu tun tana shekara huɗu, kafin a haifi Auta da daɗewa. Tela ce da ba a kushe aikinta, ɗakin gaba shi ne shagonta, kuma tun safe gidan yake cika da masu kawo ɗinki, da masu karɓa, da baƙin Mama da ba sa ƙarewa. Abu ɗaya ne kowa ya san ta da shi bayan ɗinki: waƙa a banɗaki. Daga shigarta wanka har fitowarta ba ta yin shiru, ga murya, Allah Ya ba ta haƙuri, kamar ana jan tebur a kan siminti. "Mawaƙiyar gidanmu ta hau dandali," in ji Auta kowace safiya, Mama tana dariya.

A mako na bakwai sunan Yaya ya fito a jerin waɗanda za a yi hira da su. Auta ta dubi takardar ta yi murmushi. Wa ya san Yaya kamarta? Ita take tura ta a keken guragunta, ita take raka ta asibiti, ita ta san wace tayar keken ce take ƙara. Ranar kuma Yaya tana fama da ɗinkin mutane tuli guda. Sai Auta ta ga ai taimako ne ta sauƙaƙa mata. Ta zauna a bakin gado ta cike tambayoyi arba'in kafin shayinta ya huce. Babbar buƙata: sabon keken guragu. Ta biyu: a gyara matakalar ƙofar gida. A wurin murya ta rubuta cewa na'ura ta ƙi aiki.

Dakta ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi faɗan ciwo ke nan. Ta cire tabarau ta ce, "Takarda ta yi kyau. Amma duk matan da kika yi hira da su, kowace ta faɗi wani abu da ya ba mu mamaki. Wannan ce kaɗai ba ta faɗi komai ba sai abin da muka riga muka sani. Wace ce?"

"Yayata ce," in ji Auta, muryarta can ƙasa.

"Uwa ɗaya uba ɗaya? Kin tambaye ta?"

Auta ta sunkuyar da kai. Dakta ta ce gobe za ta tura wata ta je ta yi hirar.

Kunya ta hana Auta ɓoyewa, tana isa gida ta zayyana wa Yaya komai. Yaya ta karɓi takardar ta karanta tun daga farko har ƙarshe, ba gaggawa, sannan ta ninke ta ta ɗora almakashi a kai.

"Sannu da ƙoƙari," ta ce. "Ashe har hira muka yi ban sani ba."

Daga nan ba ta ƙara yi mata magana ba. Ba tsokana, ba aike, ko zare ya faɗi sai ta miƙa sanda ta jawo da kanta. Auta ta rasa inda za ta sa kanta, don duk duniya ba ta da wanda take so kamar wannan yayar tata mai baƙin taurin kai. Da safe Yaya ta ce wa Mama, ba tare da ta kalli Auta ba, "A gaya wa Daktarsu kada ta turo mini baƙuwa. Wadda ta san komai ɗin nan nake so ta zo. Da katinta."

Haka aka yi, bayan Dakta ta amince. Auta ta fita waje, ta yi sallama a ƙofar gidansu kamar baƙuwa, Yaya ta ce a shigo. Auta ta kori Mama zuwa kicin bisa doka, ta kunna na'ura.

"Sunanki?"

"Au, shi ma ba ki cike ba?"

A hankali aka shiga tambayoyi, a hankali kuma takardar Auta ta fara rushewa. Keken? Yaya ta ce nata lafiyarsa ƙalau, mai kawai tayar take so, kuma sau uku tana faɗa. Asibiti? Ta ce matsalarta likita yakan dubi wadda ta turo ta ya ce, "Me yake damunta?", ita kuma mai turowar sai ta amsa. Auta ta rubuta.

"Tambaya ta talatin da ɗaya. A cikin gidanku, akwai abin da kike buƙata kullum amma hannunki ba ya kaiwa?"

A tsohuwar takardar Auta ta rubuta "babu", domin ita da kanta ta sauko da komai ƙasa: kofuna, madubi, makunnin fitila. Yaya ta ɗago kai daga allurar keken ɗinkinta.

"Sakatar banɗaki," ta ce.

"Sakata?"

"Marigayi Baba ya kafa ta can sama, wai kada yara su kulle kansu. Ku duka kun girma kun kai. Ni ina nan inda nake." Ta ɗan yi dariya. "Ke a zatonki waƙa nake so? Da wannan muryar? Ina da shekara goma sha uku wata baƙuwar Mama ta turo ƙofa ina wanka. Tun ranar nake waƙa, don a san da mutum a ciki. Ko mura nake, ko raina a ɓace. Ranar da aka yi rasuwar Baba ma sai da na yi, a hankali, gida cike da mutane."

Na'ura tana ta ɗauka. Auta ta shiga lissafi a ranta. Shekara nawa tana kiranta mawaƙiya? Sau nawa ta tsaya a bakin ƙofar nan tana yi mata amshi don tsokana? Hawaye ya ɗiga a kan takardar gwamnati.

"Yaya, me ya sa ba ki taɓa faɗa ba?"

"Da farko kunya. Daga baya na ga kuna jin daɗin abin, kuna dariya. Kuma ba wanda ya tambaya." Ta miƙa mata ƙyallen yadi. "Share fuskarki, Malama mai bincike, saura tara."

Da Dakta ta saurari hirar washegari, sai ta sa aka ƙara tambaya a kan ƙofar banɗaki a duk takardun da suka rage. Auta kuwa ba ta jira rahoto ya kai gaban gwamnati ba. Tun a yammacin ranar hirar ta aro sukundireba wurin kafintan layinsu, ta hau kujera ta kwance sakatar. Har ta ɗora ta inda take ganin ya dace, sai ta tsaya.

"Yaya, zo ki nuna mini wurin da kike so."

Yaya ta turo kekenta, ta miƙa hannu ta dangwala yatsa a jikin ƙofar. Ya fi inda Auta ta zaɓa ƙasa da kusan taƙi guda.

Da gari ya waye Yaya ta shiga wanka. Aka ji ƙaras, sakata ta shiga. Daga nan sai ƙarar ruwa kawai. Mama ta tsaya da ludayi a hannu tana waige-waige kamar an ɗauke wani abu daga gidan. Auta ta kai gwauro ta kai mari a tsakar gida, minti biyar, minti goma, zuciyarta tana raya mata santsi da faɗuwa. Da ta kasa daurewa, ta matsa ta ƙwanƙwasa a hankali.

"Yaya? Lafiya kike?"

Ruwan ya tsaya.

"Wannan tambaya ta nawa ce?"

"Ta arba'in da ɗaya."

"To rubuta: tana lafiya, kuma ba ta son a dame ta."

Auta ta jingina goshinta da ƙofar tana dariya, idonta cike da hawaye. A ciki ruwa ya ci gaba da zuba, Yaya tana wankanta shiru.