Yafiyar da Ba Ta Kai Gidan Yari ba

Malam Kolo shekara talatin ya yi yana aikin gandiroba, makullai a ƙugu, bai taɓa tambayar wanda yake kullewa me ya kawo shi ba. Sai da ya ajiye aiki abin ya fara cin ransa. Tun daga nan ya ɗora wa kansa bin sawun masu jiran shari'a waɗanda aka manta da su. Ba lauya ba ne, amma ya san kowace ƙofa da wanda ke bayanta, kuma ba ya gajiya da zaman benci.

A wata ziyara da ya kai gidan yari ya tarar da Tasi'u, masunci daga wani ƙauye a bayan Kirikasamma. Sun yi faɗa da maƙwabcinsa Yunusa a kan wurin kafa raga, ya fasa masa kai da filafilin kwalekwale. Wata goma sha tara ke nan yana tsare, ƙafafunsa duk sun kumbura. Da Kolo ya bincika a kotu, sai aka ce mai ƙara bai taɓa zuwa ba, an yi ta ɗaga zama har takardar ta shige ƙasan wasu. In Yunusa ya zo ya janye, magana ta ƙare.

Damina ce, ruwa ya shafe hanya. Kolo ya bar babur ɗinsa a Hadeja, ya shiga mota, ya ƙarasa a kwalekwale ta cikin ciyawar kacala. Ya iske Yunusa a ƙofar gidan Bulama, wato mai garin, yana ɗinkin raga, tabon na nan a goshinsa, Bulama da wasu mutanen gari na zaune a gefe. Kolo ya gaya musu abin da ya kawo shi.

"Ai an yi sulhu tun bara, Baba," in ji Yunusa. "A masallaci, gaban kowa. Na yafe, an raba goro, an shafa Fatiha. Mu ma jira muke a sako shi."

"To wa ya gaya wa alƙali?"

"Mun ɗauka hukuma ta sani."

"Hukuma ta ci goron ne?"

Wasu suka yi dariya, Bulama bai yi ba. Ya ce, "Malam, a garin nan in an binne magana an binne ta. Wanda ya tone ta bayan Fatiha, ba mai zuwa sunan gidansa ko jana'izarsa. Haka muka gada, shi ya sa ba a zub da jini sau biyu a kan ruwa ɗaya. Yunusa ba zai je gaban baƙi ya tayar da faɗan nan ba."

Kolo bai yi musu ba, don ya san al'adar ta tsare rayuka da yawa a fadamar nan. Ya karɓi ruwan da aka miƙo masa ya sha, sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, ranar sulhun, wa ya zauna a madadin Tasi'u?"

"Mahaifinsa."

"Mahaifinsa ne ya ɗaga filafili?"

"A'a."

"To wanda ya yi laifin bai ji an yafe masa ba. Jiya na bar shi yana tambayata ko Yunusa na da rai, don shi a zatonsa kisa ya yi. Wata goma sha tara yana kwana da wannan. Ni ban ce a tone komai ba. Kada Yunusa ya ambaci raga, kada ya ambaci jini. Abin da ya faɗa a masallaci, shi zai maimaita a kunnen mai shi. Sai dai mai shi ba ya iya zuwa masallacinku, a kotu kaɗai za a fito da shi."

Yunusa ya ajiye ragar. "Yana zaton na mutu?"

"Har addu'a yake yi maka."

Daga bisani Bulama ya ce sulhun da ɗaya bai ji ba bai cika ba, Yunusa ya je ya cika shi, shi ma zai raka su.

Sai da Kolo ya yi sati uku yana sintiri kafin a tono takardar a sa rana. Ran Talata aka shigo da Tasi'u yana jan ƙafa. Alƙali ya tambayi Yunusa abin da ya faru tsakaninsu.

"Ranka ya daɗe, wannan ba zan iya faɗa ba, an rufe." Ya juya ya dubi Tasi'u. "Ɗan'uwa, na yafe maka tun bara, duniya da lahira. Kai ma ka yafe mana da muka bar ka a nan."

Alƙali ya ce, "Ka janye ƙara ke nan?"

"Na janye."

Aka sallami Tasi'u kafin azahar. Ya kasa sauka daga matakalar kotu, sai Yunusa ya tallafe shi ta dama, Bulama ta hagu. Kolo ya raka su tasha, ya ja kunnensu su fara biyawa asibiti a duba ƙafafun nan kafin su nemi kwalekwale.