Birkin Bayan Motar Baba

Tun da ƙodar Baba ta daina aiki, ni ce direbarsa. Ranakun wankin ƙoda nakan naɗe kekensa na marasa lafiya in ɗora a bayan akori-kura, in zaunar da shi a gaba, in kai shi asibiti. Idan muka makara wani ake ɗorawa a kan injin, mu kuma mu juyo gida da ƙafafunsa a kumbure. Aikina ke nan tun da na gama jami'a, ban kuma taɓa roƙon kowa ya karɓe ni ba.

Da motar ta fara ƙara ta baya, Baffa, ƙanin Baba, ya ce kada a ba makanikin bakin titi, a kai ta garejin kamfanin da ya sayar da ita. Na kai. Suka sauya kayan birkin baya gaba ɗaya, suka wanke ta, har da leda a kan kujera. Ranar da na karɓo ta, ina taɓa birki take tsayawa cak.

Sannu a hankali birkin ya fara nitsewa. Yau ƙafata ta sauka kaɗan, gobe ta ƙara sauka, har sai na taka sau biyu kafin ya kama. Birkin hannu ma sai na ja shi har ƙarshe, motar tana ɗan silalewa.

Na mayar. Mai karɓar motoci, wani mai farar riga da biro uku a aljihu, ya saurare ni yana kallon wayarsa.

"Malama, kina sauke birkin hannu kuwa kafin ki tashi?"

"Ina saukewa."

"Ba laifi ba ne, ana mantawa. Matata ma haka take."

"Ni ba matarka ba ce. Ku duba motar."

Suka duba. Suka ce iska ce ta shiga man birki, sun cire, sun ɗaure birkin da hannu. Ta dawo lafiya lau. Ba a jima ba ta koma gidan jiya. Na sake mayarwa, suka sake ɗaurewa, mai farar riga ya sake yi mini tambayar nan. A karo na uku na wuce shi, na zauna a ɗakin jira ina kallon wani talabijin da aka kashe wa murya.

Wata safiya ina yin ribas zuwa ƙofar sashen wankin ƙoda, yadda na saba don in sauke keken kusa, na taka birki, ƙafata ta tafi kusan ƙasa. Bayan motar ya daki turken ƙarfe. Fitila ta fashe, kan Baba ya bugi kujera. Na fito na tsince gilashin na zuba a kwandon shara, na tura Baba ciki. Ban ji tsoro ba, ban ji kunya ba. Na dai lura hannuna ɗaya ya yanke.

Kafin mu dawo labari ya riga mu gida. Baffa yana zaune a falo, Umma tana tsaye a bakin ƙofar kicin.

"Malama Digiri," ya ce, don haka yake kirana, "an ce kin yi dambe da turke."

"Birkin ne, Baffa."

"Birkin da kamfani suka duba sau uku? Su da injina da kwamfuta? Ke dai ƙafarki ce ba ta kai ba. Jibi zan zo da yayanki, ki ba shi makulli. Shi zai riƙa kai shi."

Yayan nawa ɗan Baffa ne. Sau ɗaya aka taɓa ba shi motar, ya ce bari ya sauke wa wani siminti a hanya, Baba ya rasa injin ranar, ya kwana a zaune yana haki. Kowa a falon ya san haka.

"Ba zan bayar ba," na ce.

"Ke!" in ji Umma. "Baffanki ne fa."

"Na san ko wane ne."

Baffa ya yi dariya ya miƙe. "Boko ya yi mana rana. Jibi dai."

Washegari babu asibiti. Da hantsi na sa duwatsu a tayoyin gaba, na ɗaga bayan motar da jak, na tokare ta da guntayen katako. Ni ba makanikiya ba ce, kimiyyar sinadarai na karanta. Abin da makaranta ta koya mini shi ne, idan abu yana lalacewa a hankali, akwai abin da ke lalata shi a hankali, sai ka sa masa alama ka ga inda yake tafiya.

Na fara da man birki. Yana nan cike, babu ɗigo a ƙasa, babu jiƙa a bayan tayoyin. Na cire tayar hagu, na zare dirom, ƙarfen nan mai kamar kwano da ke rufe birkin. Ya fito ba gardama, kamar ba abin da ke riƙe da shi. A ciki akwai lanƙwasassun ƙarafa biyu da ake kira shu, su ne ke buɗewa su kama dirom idan an taka birki. Sababbi ne fil, ko gogewa ba su yi ba. Wanda yake tafiya da birkin hannu a ɗaure, nasa a ƙone za a same su. Na daɗe ina kallonsu. Babu wanda zan nuna wa.

A ƙasansu akwai wani gajeren sandan ƙarfe mai murɗi, da ƙaramin faifai mai haƙora a jikinsa. Ajasta sunansa. Na karanta cewa duk lokacin da aka yi ribas aka taka birki, wani ɗan harshen ƙarfe yana tura haƙori ɗaya, sandan ya ƙara tsawo, shu su matsa kusa da dirom. Haka birkin ke ɗaure kansa da kansa.

Auta, ƙanwata, ta leƙo ta taga. "Yaya, kin buɗe gareji ne? Nawa ake cire taya?"

"Miƙo mini jan farcenki."

"Wanne? Ba dai sabon ba."

"Sabon."

Ta miƙo tana ƙunƙuni. Na ɗiga ja a haƙori ɗaya, na ja layi a jikin sandan daidai inda murɗin ya tsaya. Na yi haka a dama ma. Na mayar da komai, na sauke motar, na fita layinmu. Ribas, birki. Ribas, birki. Mai shagon kusurwa ya fito yana kallona, ya ce ko koyon mota na koma. Na ci gaba har sai da wuyana ya ƙage.

Na dawo na sake ɗagawa, na sake buɗewa. Haƙorin ya zagaya, amma layin da na ja ya shige ciki, ba a ganinsa. Sandan gajarta yake yi. A dama ma haka. Na ciro su biyun na ajiye a kan kwali. Kamarsu ɗaya, sai dai murɗin ɗaya yana bin dama, na ɗayan yana bin hagu. An sa na hagu a dama, na dama a hagu. Duk ribas ɗin da nake yi a ƙofar asibiti, birkin kwance kansa yake yi. Su kuma in na kai musu, sai su ɗaure da hannu ta ɗan ramin baya, ba su buɗe ba.

Na zauna a ƙasa. Na zaci zan ji daɗi, ko haushi. Yunwa kawai na ji.

Mayarwar ta fi wuya. Sifirin ɗaya, cikin masu riƙe shu, ya kuɓuce daga filaya ya tsaga mini babban yatsa, na naɗe da tsumma na ci gaba. Na sa kowanne a gefensa, na murɗa har shu suka fara shafar dirom, na ɗan sassauta. Na sake sa alama, na sake fita layi. Wannan karon layin ja ya fito waje. Birkin ya tsaya a sama, da tauri.

Washegari da safe Baffa ya zo da ɗansa, na riga na zaunar da Baba a mota. Na gaya masa abin da na gani, a taƙaice.

"Wato kin kwance birkin da kanki," ya ce. "Da jan farce."

"Taka ka ji, Baffa."

Ya shiga ya taka, ya sake takawa. Ya ja birkin hannu, ya kama tun bai yi nisa ba.

"Ai kullum haka yake in an taɓa shi. Kwana kaɗan ya koma."

"Idan ya koma, ni zan kawo maka makullin har gida."

Ɗansa ya miƙo hannu. "Ƙanwata, kawo mana, kar a yi ta magana."

Na zagaye shi na tsaya a bakin ƙofar direba har Baffa ya fito. Baba, da idonsa a rufe, ya ce, "Za mu makara." Na shiga na tayar.

Birkin bai koma ba. Mako ya wuce, wata ya wuce, yana nan inda na bar shi. Baffa yana zuwa gaida Baba, yana kirana Malama Digiri, bai ƙara tayar da maganar makulli ba, bai kuma ce na yi daidai ba. Umma ma ba ta ce ba. Garejin kamfani ban koma ba, ban ga abin da zan je in karɓo a wurinsu ba.

Makullin yana jakata. Ranakun wanki ina tashi, in naɗe keke, in kai Baba, in zauna a bencin da ke wajen ɗakin injina tare da sauran masu jira. Farcen babban yatsana ya yi baƙi, daga baya ya faɗi. Wata mata da ke kawo mijinta ta tambaye ni me ya same shi, na ce mata aiki ne. Ta gyaɗa kai, ta matsa mini wuri, muka ci gaba da jira.