Ranar da Hajiya Batulu Ta Share Dusar Ƙanƙara

Hajiya Batulu mace ce da ba ta iya ganin abu a ƙasa ta wuce shi. Tun da ta zo daga Kano gidan ɗanta Bara'u a unguwar Withington ta birnin Manchester a Ingila, ko ganye bai sake kwana a ƙofar gidan ba. Abin da ya gagare ta shi ne jikarta Hanan, 'yar shekara shida. Yarinyar ba ta jin Hausa, ita kuma Turancinta bai wuce na gaisuwa ba, sai dai su riƙa kallon juna kamar baƙin da mota ta haɗa. Abin yana cin ranta ƙwarai.

Ranar Asabar iyayen suka tafi biki Birmingham, suka bar su su biyu. Washegari bayan sallar asuba Hajiya ta buɗe ƙofa, ta ga dusar ƙanƙara ta sauka, duniya ta yi fari fat. Ta yi salati, ta tsaya tana kallo, abin ya burge ta. Sannan ta ɗauko tsintsiya. Kafin gari ya gama wayewa ta share gaba da baya, ta tura komai cikin magudana, har da watsa gishiri.

Hanan ta sauko da gudu, takalmi a hannu, ta ja ta tsaya a bakin ƙofa. Duk layin fari ne, gidansu kaɗai ya fita tas. Sai ta ɓare baki da kuka.

Hajiya ta rasa ta inda za ta fara, ta kira Bara'u. Da ya ji bayani, dariya ta hana shi magana.

"Hajiya, snow ɗin kika share? Tun bara take jiran ta gina mutum-mutumi! Manchester ai ruwan sama ne kawai, wannan ma kafin azahar ta narke. Ga shi an yi cancelling train ɗinmu, har yanzu muna Lozells a nan Birmingham."

"To ai sai a riƙa gaya wa mutum akwai sharar da ake ajiyewa," in ji ta, ta kashe wayar.

Ta ɗauko bahon wanki, ta naɗe tsohon ɗankwali ta yi gammo, ta ƙwanƙwasa wa maƙwabciyarsu Rachel. Ta nuna saman motarta, ta nuna bahon, ta ce, "Please." Rachel ba ta gane ba, amma ta gyaɗa kai. Hajiya ta kwashe dusar ƙanƙarar da ke kan motar tas, ta ɗora a ka, ta taho tana takawa a hankali, mutanen layi suna leƙe ta taga. Ta juye a gaban Hanan, ta koma ɗibo wani.

Ba ta san yadda ake gina mutumin ba, don haka ta durƙusa ta shiga malmala shi irin na tuwo, yatsunta suna zugi. Kukan ya tsaya. Hanan ta shige ciki da gudu, Hajiya ta ɗauka fushin ne bai huce ba.

Sai ga ta ta fito da ƙaramin kwanon da take karyawa a ciki, ta ɗora a ka, ya zame. Ta sake ɗorawa, ya sake zamewa. Ta matso, ta kama bakin zanen kakarta, ta nuna gammon, sannan ta nuna kanta.

Hajiya Batulu ta kwance ɗankwalin kanta a cikin wannan sanyi, ta fara naɗe mata nata.