Ruwan da ke Taruwa a Tiyon Yaba

Shekara shida mahaifina, Abu Nayif, yana kwana da injin numfashi, kuma ko sau ɗaya ban ji ya yi ƙorafi ba sai a sanyin da ya biyo bayan rasuwar mahaifiyarmu. Ciwonsa irin na masu minshari ne. Yana cikin barci sai numfashi ya ɗauke cak, ya jima, sannan ya dawo da gurnani. Likitan zuciya a birnin Irbid bai ɓoye mana komai ba, ya ce zuciyar ta riga ta gaji, duk barcin da ya yi ba tare da injin ba wasa yake da ransa. Injin ɗan akwati ne mai tankin ruwa a ciki, yana hura iska mai ɗumi da laima ta wani dogon tiyo zuwa takunkumin da ake ɗaurawa a hanci.

Mu a gida Yaba muke ce masa, mahaifiyarmu kuma Yumma. Shekara hamsin suna tare, kuma ni dai ban taɓa ganin ranar da suka wuni ba su yi cacar baki ba. Ta ce ya cika sukari a shayi, ya ce miyarta ba gishiri, ta ce to ya je ya dafa tasa. Ranar da aka kawo injin ma dariya ta yi har da riƙe ciki, wai ta auri manomi ta ƙare da giwa. Na taso ina ganin zaman haƙuri kawai suke yi. Ta rasu mako biyu bayan an gama tsinkar zaitun, ba wata doguwar jinya, kuma Yaba bai yi kuka a gaban kowa ba.

Gidana ba nisa, gida uku ne tsakani, don haka kullum da safe ni ke kai masa burodi da man zaitun in dafa masa shayi. Da sanyi ya kankama a tsaunukanmu na Ajlun, wata safiya na tarar da takunkumin a yashe a ƙasa, matashin kai a jiƙe, shi kuma idanu jawur. Ya ce ruwa ne ke taruwa a tiyon, yana ƙara kamar mai kurkure baki, in ya juya sai ya kwararo masa cikin hanci ya farka yana shaƙewa. Na ɗaga tiyon, ruwa ya zubo kusan rabin kofin shayi.

A ranar na ɗauki injin na hau mota zuwa Irbid, na shiga shagon da muka saye shi da faɗana a baki. Mai gyaran ya bar ni na gama, ya gwada, ya ce lafiyar injin ƙalau. Ya ce ɗakin ne ya yi sanyi. Iska mai ɗumi in ta bi ta cikin tiyo mai sanyi dole ta yi gumi, yadda murfin tukunya ke yi. Ya ce a ɗumama ɗakin. Na ce masa ya zo ƙauyenmu ya kwana da murhun kananzir a kunne, ƙofa a rufe, mu ga ko zai wayi gari. Ya ce to a ajiye injin ƙasa da shimfiɗa don ruwan ya gangara baya. Na ce tsohon a katifar ulu yake kwana a ƙasa, sai dai in haƙa wa injin rami. Ya yi dariya, ni ban yi ba. Ya ƙara da cewa a rage laimar, a naɗe tiyon da wani abu mai kauri, in duk an rasa kuma akwai tiyo mai wayar ɗumi a jikinsa, amma sai an aiko daga Amman.

Ba abin da ban yi ba. Na rage laimar, hancinsa ya bushe har ya yi haɓo. Na sa aka kawo gado, ya kwana ɗaya ya ce bayansa, ya koma ƙasa. Na kafa ƙusa a bango na rataye tsakiyar tiyon. Na yanke kan tsofaffin safa na ulu guda shida na zura su ɗaya bayan ɗaya. Ruwan ya ragu amma bai daina ba. Injin yana nuna awa nawa aka yi da shi, kuma kullum abin da nake gani awa uku ne, wani lokacin biyu da rabi. Yaba ya fara gyangyaɗi da kofi a hannu. Ƙafafunsa suka kumbura.

Ni kuwa Allah ya yi ni da saurin hawa, kowa ya sani. Wata safiya na ga takunkumin a ƙasa kuma, sai raina ya ɓaci. Na ce masa ɗakin nan dai shi ne, sanyin nan shi ne, injin shi ne, shekara shida ba a ji komai ba sai bana? Na ce uzuri kawai yake nema. Har na faɗi abin da har yau nake cizon yatsa a kai.

"Yaba, in bin ta kake so ka yi, ka faɗa mana mu huta da wahala."

Ya yi magana yana kallon bango.

"Rasmiyya, ba injin ne ya canza ba. Uwarki ce ke riƙe tiyon."

Ban gane ba, sai ya yi mini bayani a hankali. Tun sanyin farko bayan an kawo injin ruwan ya fara, ita ta lura. Sai ta riƙa jira har ta ga kamar ya yi barci, ta jawo tiyon cikin bargo, ta bi da shi ta ƙarƙashin hammatarta, ta rungume shi a ƙirji har asuba. A gefe ɗaya take kwana duk lokacin sanyi, ba ta juyawa don kada ta fizge masa takunkumin. Kafaɗar nan da ta yi ta kuka da ita, muna ta kai ta gashin ƙashi, muna cewa tsufa ne, ashe daga nan ne. Na tambaye shi ko ta san ya sani. Ya ce ina, ai da ya nuna ya sani da kunya ta sa ta daina, ƙila ma ta zage shi. Ya ce shi ma ya gwada sa tiyon cikin rigarsa, amma jikinsa ba shi da sauran ɗumin da zai isa.

Na fita tsakar gida na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza. Kunya ta kama ni, da baƙin ciki, da haushin kaina. Shekara arba'in da bakwai ina cikin mutanen nan biyu ban san su ba. Daga nan na kira wana Nayif a Amman na ce ko ina ne ya nemo tiyo mai ɗumin nan. Kwana huɗu ya aiko.

Na haɗa shi da kaina, na sa hannu na ji iskar na fita da ɗumi mai daɗi. Washegari na zo da saurina. Na ɗaga tiyon, ko ɗigo babu. Na duba injin, minti arba'in kacal. Yaba na zaune a bakin katifa, takunkumin a cinyarsa, gemunsa a jiƙe.

"Iskar ta zo da ɗumi kamar da," in ji shi. "Barci ya fara ɗaukata, na miƙa hannu in taɓa ta."

Ya roƙe ni in mayar masa da tsohon tiyon. Ya ce gara ruwan, shi ba ya yaudarar mutum, zai riƙa tashi yana zubarwa. Na ƙi. Na ce likita awa bakwai ya ce, ba uku ba, na ce zai saba, kowa ma sabawa yake yi. Da na ga ya nace, na naɗe tsohon tiyon da safansa na cusa a jaka na tafi da shi gidana, don na san in yana nan zai mayar da shi da kansa. A ganina dabara na yi.

Bai sake yi mini maganar ba. Kullum in na tambaya sai ya ce ya sa, injin kuma ya nuna minti ashirin, ko goma, ko ba komai. Na yi faɗa, na yi lallashi, na haɗa shi da Nayif a waya. Sau biyu na ɗauko jakar zan mayar masa, in na kai ƙofa sai in ce bari dai a ƙara kwana ɗaya, yau zai saba.

A rana ta tara na shiga da burodi na yi sallama ba a amsa ba. Yana kwance a gefensa na katifar, ya bar ɗaya gefen a gyare, sabon tiyon na naɗe tsaf a kan injin. Likitan da ya zo ya ce zuciya ce, cikin barci, bai sha wahala ba. Masu zuwa gaisuwa suna ta cewa kwana ne ya ƙare, kuma na yarda, ban ja da ikon Allah ba. Amma da tsohon tiyon awa uku yake samu kowace rana, ni na san wannan, kuma ni na ɗauke masa su.