Ɗigon Jan Farce

Tun ranar da wani bakanike ya sauya wa Malama sabon batirinta da tsoho, yana ta washe mata haƙora, ta yanke cewa duk mai riƙe sifana ɓarawo ne. Da can mijinta ne ke kai mota gareji. Da ya rasu, abin ya dawo kanta, ita da ba ta san komai a cikin inji ba sai zafinsa.

Shi ya sa kafin ta kai motar wurin Dogo, bakaniken da maƙwabciyarta ta yi ta yabo, ta ɗauko kwalbar jan farce ta bi batir da tayoyi da duk abin da hannunta ya kai, ta ɗiga wa kowanne alama a ɓoye. Wata ƙara ce a tayar gaba ta dame ta, ga shi gobe za ta mayar da autarta makaranta, hanya kuwa duk gangare.

Ko awa ba a yi ba da barin motar, Dogo ya kira ta. Ta iso fuska a murtuke.

"Malama, ƙarar ba komai ba ce, tsakuwa ce ta maƙale, na cire," in ji Dogo. "Amma tiyon man birkinki ya tsage."

Ai dama! Ka kawo musu ƙaramin abu, su haƙo maka babba. Ranta ya ɓaci.

"Birkina lafiya lau. Da shi na zo nan."

"Da shi kika zo. Tsuguna nan ki sa ido a kan baƙin tiyon can, ni zan taka."

Ta tattare zaninta ta tsuguna tana hararar takalmansa. Ya shiga ya taka birki. Tiyon ya kumbura kamar jijiyar wuya, mai ya tsatso ya gangaro. Ya saki, ya lafe. Ya sake takawa, ya sake tsatsowa.

"A cikin gari zai iya kai ki sati," ya ce yana fitowa. "A gangare ban ba shi taku uku ba. Sauran kayan duk kada ki taɓa, lafiyarsu lau."

Ta ƙura wa tiyon ido, tana neman inda ƙaryar take.

"Na ga jajayen ɗigonki guda bakwai," ya ƙara, ko murmushi babu. "Suna nan, ki ƙirga. Wannan ne kawai ba ki sa wa ba. In kwalbar na jakarki, ɗiga masa kafin in kwance, don in na sa sabo ki san naki tsohon na miƙo miki."

Kunya ta rufe ta. Duk da haka sai da ta ƙirga, bakwai cif. Sannan ta buɗe jaka ta fito da kwalbar.

Da ta kai burushin jikin tiyon, jan ya zame cikin man. Gangaren gobe ta tuna, da autarta a kujerar gaba, inda take son zama.