Sharar da Ta Kusa Kwashe Tallafi

Kafinta ne ya kusa jawo musu asarar tallafin nan, shi da hannunsa, ba maƙiyi ba, ba ɓarawo ba, kuma da tsintsiya da gwangwanin fenti ya yi aika-aikar. Gwaggo ta faɗa a gabansa, ta faɗa a bayansa, duk wanda ya kawo kujera gyara kuwa sai ya ji labarin kafin ya karɓi kayansa. Ƙanin marigayi mijinta ne, tun yana goge majina da hannun riga ta san shi, don haka ba ta ga abin da zai sa ta rage murya ba.

Shaguna uku ne ke kallon fili ɗaya a bayan layin masu kayan gini. Na farko na mai walda ne, wanda kowa ke kira Tartsatsi saboda ba shi da rigar da ba ta da huji. Na tsakiya na Kafinta. Na ƙarshe na Gwaggo, mai sa wa kujeru soso da yadi. A tsakar filin akwai dogon teburi mai ƙafa shida, ta shidan bulo ce. Kujera takan fito daga hannun Tartsatsi tana ƙarfe tsirara, ta hau teburin Kafinta ya sa mata katako, ya turo ta gaba Gwaggo ta yi mata sutura. Shekara ashirin da biyu haka suke. Almakashinta a shagon Kafinta yake kwana, tef ɗin awonsa a wuyanta yake wuni, waya ɗaya ce ke fitowa daga janaretan Tartsatsi ta ratsa filin kamar igiyar shanya ta ba kowa wuta. Guduma kuwa an daɗe da manta ko ta wa ce.

Abin da ke hana Gwaggo sukuni keken ɗinkinta ne. Makarantu da asibitoci yanzu benci mai leda mai kauri suke so, wanda ake gogewa da ruwa, kekenta kuwa da ya ji leda sai ya karya allura. Da hannu take ƙarasawa, yatsun kuma sun fara ƙin lanƙwasuwa da safe. Sau uku a shekarar nan suna mayar da babban aiki. Ta sani, su ma sun sani, in ba a samu babban keke ba, baɗi war haka shagonta na rufe, su biyun kuma su zauna da kujeru marasa sutura.

Ana cikin haka Kafinta ya shigo da wata takarda yana kaɗa ta sama. Hukumar raya yankin za ta ba masu ƙananan sana'o'i tallafi, amma ba ɗaiɗai ba. Sai aƙalla uku sun haɗa gwiwa, kuma wata cibiyar ba da shawara kan kasuwanci ta tsaya musu.

"Mu uku ne, gwiwa kuma ga ta nan har shida, biyu ma ciwo suke," in ji Gwaggo. "Rubuta."

Mako uku suka yi suna cike fom a kan dogon teburin, Kafinta na karantawa da tabarau a ƙarshen hanci, shi kaɗai ne ya yi boko a cikinsu.

"Sun ce ina kuke hangen sana'arku nan da shekara biyar?"

"In da rai, a nan wurin. Ƙaura suka ji za mu yi?"

"Matar Yaya, ba haka ake amsawa ba."

"To kai da ka san amsar me ya sa kake tambayata?"

"Sun ce wane ƙalubale kuke fuskanta?"

"Rubuta sunanka," ta ce. Tartsatsi ya yi dariya har sai da ya sauka daga benci.

Aka gama, mutanen cibiyar suka duba suka buga hatimi, su biyu suka sa hannu, Gwaggo ta dangwala babban yatsa, ta danna shi sosai don kada a ce ba a gani ba.

Bayan wata guda aka bugo wa Kafinta waya cewa jami'ar hukuma za ta zo ranar Laraba da safe ta ga wurin da idonta. Nan ne shaiɗan ya raɗa masa. Ya tuna yadda Gwaggo ta taɓa fatattakar wani mai duba mita har ya bar takalminsa ɗaya. Sai ya ce mata ranar Alhamis za a zo, ya kamata ta je can ƙarshen gari ranar Laraba ta sayo soso mai kyau na nunawa. Ita kuwa baiwar Allah ta ɗaura ɗankwali da sassafe ta tafi.

Tana juya baya Kafinta da Tartsatsi suka hau aiki. Wai ai baƙuwa daga ofis ba za ta ga hargitsi ba. Kowane kayan aiki aka mayar da shi shagon mai shi, gudumar ma aka yanke mata uba. Aka naɗe wayar wuta. Kujerun da ba a gama ba aka jibge su a lungu aka rufe da tamfol. Dogon teburin suka kinkima suka kai bayan shaguna. Suka share filin har sau biyu, Kafinta ya ja farin layi a gaban kowace ƙofa, wai don a san iyakar kowa. Sannan suka sa fararen kaya suka tsaya kowa a bakin shagonsa, hannu a baya.

Da a motar haya Gwaggo ta dawo, da sai la'asar za ta iso. Amma motar mai soson na da kaya ta wannan hanyar, aka ɗauko ta a gaba, ƙarfe sha ɗaya ta sauka a bakin filin da ƙullin soso a ka.

Ta tsaya. Ta koma baya ta dubi layin ko ta yi ɓatan kai. Filin fes kamar ɗakin tiyata. Ga wata mata siririya da jaka a kafaɗa tana rufe fayil, tana magana a hankali irin ta wanda ba ya son ɓata wa mutane rai.

"Malam, gaskiya na ga shaguna uku masu tsabta. Amma tallafin nan na masu aiki tare ne, ni kuwa ban ga abin da ya haɗa ku ba ko ɗaya. Kowa da kayansa, kowa da layinsa. Mutane da yawa suna haɗa sunaye a takarda kawai, ana ba da kuɗi kowa ya kama gabansa. Abin da na gani shi zan rubuta."

Gwaggo ta sauke soson a ƙasa, tim.

"Wace ce wannan?"

"Matar Yaya, ai... jami'ar ce. Sun, sun matso da ranar."

"Ba mu matso da komai ba," in ji matar. "Laraba muka ce."

Tartsatsi ya fara ja da baya cikin shagonsa.

"Kai, tsaya nan! Ina teburina? Wa ya mutu kuka sa fararen kaya? Kai Tartsatsi, rigar wa ka aro, da ba ta da huji? Wannan farin layin kuma fa, ƙwallo za a buga?" Ta juya ga jami'ar. "'Yata, buɗe littafin nan naki. Ba ki ga komai ba tukuna, ɓoye miki suka yi. Waɗannan da kike gani manya ne a jiki kawai."

"Inna, lokacina..."

"Lokacinki na nan, ba inda za shi. Zauna. Au, ba kujera ko? Wurin masu yin kujera, an rasa inda baƙuwa za ta zauna! Kun ga aikinku?"

Matar ta kai hannu baki tana danne dariya.

Cikin minti biyar teburin ya dawo, Kafinta da Tartsatsi na nishi a ƙarƙashinsa, fararen kayan sun yi dabbare-dabbare. Aka nemo bulon aka tokare. Aka ja wayar, janareta ya tashi. Gwaggo ta yaye tamfol, kujeru goma sha huɗu suka bayyana, wasu ƙarfe zalla, wasu da katako, wasu saura yadi.

"Duba nan. Wannan ƙafar ta wancan ce. Wannan bayan na wannan maƙaryacin ne. Wannan mazaunin nawa ne. To raba min su, ki ce ga ta wane. In kin iya, ni da kaina zan yaga fom ɗin."

Ba ta jira amsa ba. Ta sa Tartsatsi ya ɗauko wani benci da ya rage masa ƙafa ɗaya, ya liƙa a gaban baƙuwar, wuta na fallatsa. Tun ƙarfen bai gama hucewa ba Kafinta ya karɓa. Ya laluba aljihu, ya dubi teburi, ya rasa abin awo.

"Matar Yaya, tef."

"Yana inda ka kai shi. A wuyana ka saba samu, yau ka ga dama ka kulle shi a shagonka. Je ka ɗauko da ƙafarka."

Ya tafi da gudu-gudu, ya dawo, ya auna, ya yanka, ya ɗaure katakon, ya turo. Gwaggo ta shimfiɗa soso ta yanke shi da ido, ko awo babu, ya zauna daram. Ta warware leda.

"'Yata, ajiye jakar nan ki kama min gefen can. Ja. Ja mana, ba za ta cije ki ba. Yawwa. Ashe kina da ƙarfi, zaman ofis ne ya ɓoye shi."

Haka jami'ar hukumar raya yanki ta tsinci kanta tana jan leda da hannu biyu, takalminta mai tsini ya nutse a garin katako, tana dariya har da hawaye. Sannan Gwaggo ta zauna a tsohon kekenta ta sa bakin ledar ninki biyu, ta taka. Ɗinki uku ya yi, a na huɗu allurar ta ce ƙas, rabinta ya yi tsalle ya faɗa kan fayil.

Gwaggo ba ta taɓa murnar karyewar allura ba sai ran nan.

"Kin gani? Sa ta a cikin littafin ki kai wa manyanku. In sun tambayi me muke nema, ki nuna musu."

Matar ta ɗauki guntun allurar ta naɗe a takarda. Ta ɗauki hoton teburin, da wayar wuta, da kujerun goma sha huɗu. Ta yi ta tambaya, wa ke karɓo aiki, wa ke kai kaya, in ɗaya ba shi da lafiya yaya ake yi. Gwaggo na amsawa, in Kafinta ya sa baki ta ce, "Kai an gama jin naka." Da za ta tafi, ta zauna a kan sabon bencin ta ɗan girgiza shi, ta ce, "Inna, da na tafi kafin ki zo, da na yi kuskure babba."

"Ba ke kika yi shi ba, 'yata. Gaida mutanen gida."

Mako shida bayan nan wasiƙa ta zo. Kafinta ya fara karantawa, a layi na biyu ya cire tabarau ya goge ido. An amince. Babban keke mai ɗinka leda da tamfol, da rumfar kwano a kan dogon teburin, kuma mutumin cibiyar zai riƙa zuwa sau biyu a wata yana nuna musu yadda ake neman kwangilar makarantu. Tartsatsi ya ɗauki sandar ƙarfe ya hau dukan tsohuwar ganga, masu kayan gini suka fito suna tambayar ko gobara ce. Gwaggo da ke cewa gwiwarta ba ta lanƙwasuwa, sai ga ta tana zagaya teburin da rawa, ɗankwali a hannu, har ta jawo Kafinta ya taka da ita zagaye biyu.

Ranar da aka kawo keken, ta sa leda ninki huɗu da gangan. Ya wuce ta kamar yana ɗinka hankici. Ta tsaya, ta shafa kansa, ta sake takawa don kawai ta ji ƙarar. Ran nan ko tsummokaran goge hannu sai da ta yi musu baki.

To a ƙarshen wannan watan hukumar ta aiko cewa za a yi taro da sababbin masu neman tallafi, ana so ɗaya daga cikinsu ya je ya bayyana yadda suka yi nasara. Da hantsi Gwaggo ta tarar da Kafinta a bayan shago da takarda a hannu, yana gwada jawabi shi kaɗai, yana ɗaga yatsa sama.

"Sirrin nasararmu, 'yan'uwa, shi ne kyakkyawan shiri da..."

"Shirin wa?"

Ya zabura. "Matar Yaya, ai abin ya wuce. An samu keke, an samu rumfa. Na ba ki haƙuri, har lemo na saya miki."

"Na sha lemon, bai wanke komai ba." Ta fizge takardar ta miƙa wa Tartsatsi da ya leƙo. "Riƙe, ka kunna wuta da ita." Ta juyo kan Kafinta. "Kai kuma, saurara. Taron nan tare za mu, a layin gaba zan zauna. Za ka miƙe a gaban mutane, da jami'ar, da manyanta, ka faɗa musu wa ya ce min Alhamis, wa ya tura tsohuwa ƙarshen gari da ciwon gwiwa, wa ya ɓoye aikin shekara ashirin da biyu a ƙarƙashin tamfol don yana jin kunyarsa. In ka tsallake ko ɗaya zan ɗaga hannu in tuna maka. Sannan ka juyo ka dube ni ka amsa min, don har yau ba ka amsa ba: me ka gani a jikina da ya sa ka ga ni ce abin ɓoyewa? Ina jira."